Daga Ƙofar Gida Zuwa Sikeli: Yadda Unguwa Za Ta Ci Moriyar Shararta

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin juji a Kano da sassafe ya san cewa kafin motar kwashe shara ta iso, wani ya riga ya yi aikinsa ya tafi. Matashi ne da buhu a kafaɗa, ƙugiyar ƙarfe a hannu, wani lokacin har da maganaɗisun tsohuwar lasifika ɗaure a igiya yana jansa a ƙasa don ya kama ƙusa da guntun ƙarfe. Ya tsince gwangwani, fasasshen bokiti, tsohon silifa da murfin tukunya. Abin da ya bari shi ne toka, ƙasa, ɓawon kayan miya da leda. Ko wannan ɗin ma akwai manomi a bayan gari da yake jiran tifa ta juye masa shi a gona kafin damina.

Ashe ke nan sake sarrafa shara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna yinsa, sai dai muna yinsa cikin ƙazanta da haɗari, kuma abin da ke da tsada kaɗai ake tsincewa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce a shekarar 2016 duniya ta fitar da shara tan biliyan 2.01, kuma za ta kai tan biliyan 3.4 nan da 2050, ta ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa za ta ninka kusan sau uku. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi 90 cikin 100 a fili ake jibge ta ko a cinna mata wuta, abin da ake sake sarrafawa a hukumance bai wuce kashi 4 ba. Tarin juji kuma yana kisa. A watan Maris na 2017 jujin Koshe na Addis Ababa ya zaftare ya hallaka mutum fiye da 110, a watan Agustan 2024 na Kiteezi a Kampala ya binne sama da mutum 30.

Wannan jagorar na rubuta ta ne don ƙungiyar unguwa, ko mai unguwa, ko jami'in tsafta na ƙaramar hukuma da yake son ya fara da abin da ke hannunsa. Da Kano zan riƙa misali domin ita na sani, amma matakan za su yi aiki a Maraɗi ko Kumasi ko Dhaka.

Mataki na farko: ku auna sharar kafin ku sayi komai

Yawancin shirye-shiryen da suka mutu, da sayen kaya suka fara: motoci, manyan kwandunan ƙarfe, inji. Ku fara da sikeli da leda mai kauri.

Ku zaɓi gidaje kamar 60, kashi uku: na masu hali, na matsakaita, da na masu ƙaramin ƙarfi. Ku rubuta yawan mutanen kowane gida. Ku ba su buhu kullum, ku karɓa washegari, har kwana takwas. Sharar ranar farko ku zubar ba tare da kun lissafa ta ba, domin mutane sukan haɗa da tsohuwar sharar da ta kwana biyu a lungu. Sauran kwana bakwan, ku auna kowane buhu, ku zazzage a kan shimfiɗa, ku ware: ragowar abinci da ganye, toka da ƙasa, leda, roba mai tauri, gorar ruwa, kwali da takarda, ƙarfe, kwalba, tsumma, ƙunzugun yara. Kowane kashi ku auna shi daban.

A ce gidajen nan mutum 480 ne a ciki, kuma kun tara kilo 1,680 a kwana bakwai. Kilo 240 ke nan a rana, rabin kilo ga kowane mutum. Idan unguwar tana da mutum 10,000, tan biyar take fitarwa kullum. Wannan misalin lissafi ne kawai, naku sikelin ne zai gaya muku gaskiyar unguwarku. Ku maimaita awon sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, domin nauyin shara da kamanninta suna sauyawa, haka ma lokacin azumi da bayan babbar salla.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne yawan ƙasa da toka. Gidan da tsakar gidansa ba siminti, kuma da itace ko gawayi ake girki, kullum sai an share ƙasa an haɗa da shara. Motar da ake biyan kuɗin manta da tsada, rabin kayanta na iya zama turɓaya. Na biyu kuma, za ku ga ƙarfe kaɗan ne ƙwarai, saboda 'yan gwangwan sun riga sun saye shi tun daga ƙofar gida.

Mataki na biyu: ku bi kaya har inda suke ƙarewa

Abu ba ya zama mai amfani sai akwai mai sayensa. Don haka ku ɗauki kowane kashi da kuka ware ku bi sawunsa da ƙafarku. Ku je wurin ƙaramin dila na unguwa, ku tambayi wa yake sayar wa. Ku bi zuwa babban dila, daga nan zuwa masu injin niƙa roba, daga nan zuwa masana'antun da ke narka ta su fitar da buta, bokiti da silifa. A Kano wannan tafiyar za ta kai ku Ƙofar Ruwa don ƙarfe, ta kai ku Sharaɗa da Dakata da Challawa don roba. Gwangwanin alminiyam kuma maƙera masu zubin tukwane suna nemansa ido rufe, kuma narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 ne kawai cikin 100 na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo.

A kowane wuri ku yi tambaya huɗu. Nawa ne kilo? Wane irin tsafta ake buƙata? Mene ne mafi ƙarancin nauyin da suke karɓa? Kuɗi hannu ne ko sai bayan kwanaki? Ku rubuta amsar, ku koma bayan wata guda ku sake tambaya, domin farashin roba yana bin farashin ɗanyen mai da canjin dala. Lokacin da mai ya faɗi a 2020, sabuwar roba ta yi araha har masu masana'anta suka rage sayen tsohuwa. Kafin nan, a farkon 2018, ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga sharar robar ƙasashen waje, kasuwar duniya gaba ɗaya ta girgiza. Ƙungiyar da ta dogara da mai saye ɗaya, ranar da ya ce ba ya so, kaya za su taru mata har su zama sabon juji. Ku nemi aƙalla biyu ga kowane kaya.

Abin da bai da mai saye a kusa, kada ku sa mutane su ware shi tukuna. Ku bar shi sai an samu mafita.

Mataki na uku: ku zauna da 'yan jari bola

A nan ne zan daɗe, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi.

Jami'ai da yawa suna kallon ɗan jari bola a matsayin matsala, wani ma ɓarawo. Ba zan ce ƙorafin ba shi da tushe ba. An sha sace murafen lambatu, wayoyin lantarki da ƙarafunan gada ana kai wa masu saye, kuma wannan ne ya sa a watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana baban bola yawo a cikin birni, suka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Amma korar dubban mutane saboda laifin wasu ba ta kawar da sata, tana dai kashe sana'ar da ke rage wa hukuma nauyin tan-tan na shara kullum ba tare da an biya ko kwabo ba.

Alƙahira ta gwada. Shekaru da dama Zabbalin, masu kwashe sharar birnin gida-gida, suna sake amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso. A 2003 gwamnati ta ba kamfanonin ƙasashen waje kwangila, inda aka nemi su sarrafa kashi 20 kacal. A 2009 kuma aka yanka aladun Zabbalin da ke cinye ragowar abincin, saboda fargabar murar aladu. Tituna suka cika da ruɓaɓɓiyar shara, daga baya dole aka dawo ana neman Zabbalin da rajista da kwangila.

Birnin Pune na Indiya ya bi ta wata hanyar. Matan da ke tsintar bola sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993, suka matsa har hukumar birni ta ba su katin shaida. A 2008 aka ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta haɗin gwiwa mai suna SWaCH: su ne ke bi gida-gida da kura, kowane gida yana biyan mai kwashewar kuɗin wata kai tsaye, abin da ta ware ta sayar kuma nata ne. Hukuma ta ɗauki nauyin kura, safar hannu da motar da ke kwashe ragowar. Mambobi sama da 3,000 ne ke yi wa dubban ɗaruruwan gidaje wannan aikin. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, bayan doguwar shari'a a kotun tsarin mulki, daga 2013 aka fara biyan masu tsinta bisa nauyin abin da suka hana zuwa juji. Brazil ta sa sana'ar cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani tun 2002, dokarta ta shara ta 2010 kuma ta ba ƙungiyoyinsu fifiko.

To ku ta ina za ku fara? Ta wurin dila mai sikeli, domin shi ya san kowa, shi ke ba su bashi, shi suke jin maganarsa. Kada ku je masa da 'yan sanda ko da takardar gargaɗi. Ku je tare da mai unguwa, a zauna a kan benci. Ranar da muka yi irin wannan zaman a unguwarmu, dilan ya yi shiru yana saurare har muka gama, sannan ya juya wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata goma sha a wurin nan, ba a taɓa kirana ba sai in an yi sata." Daga nan ya jawo wani tsohon littafi mai maiƙo daga ƙarƙashin sikeli, ga sunan kowane yaro da kilon da ya kawo da bashin da ke kansa. Lissafin da muke shirin kashe kuɗi mu tattara, yana nan a rubuce.

Abin da za ku nema a zaman: a yi rajistar kowane mai tsinta da hotonsa da wanda ya tsaya masa, a ba shi kati da riga mai lamba, a raba musu layuka ta yadda kowane gida ya san nasa, dila kuma ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai karɓi murfin lambatu, wayar lantarki, ƙarfen layin dogo ko mitar ruwa ba, kuma duk kayan da ya yi kama da na sata zai rubuta sunan wanda ya kawo. Abin da za ku bayar: izinin shiga layi ba tsangwama, kayan kariya, allurar rigakafin tetanus, da kaya masu tsafta waɗanda suka fi na juji daraja.

Sharaɗi ɗaya ba sassauci a cikinsa: ƙananan yara ba sa cikin wannan aikin. Yaro ɗan shekara goma da yake tona juji ba takalmi, gilashi da allurar asibiti na jiransa. A yi rajistar manya, a yi magana da iyaye da malaman tsangaya a kan sauran.

Mataki na huɗu: ware shara tun daga gida

Kwali da ya jiƙe da miya ya tashi daga aiki. Ragowar abinci da ta haɗu da fasasshiyar kwalba da batir ba ta zama takin kirki. Duk darajar shara a wurin haɗuwar nan take lalacewa, kuma babu injin da zai gyara abin da aka cakuɗa a kwando.

Kada ku kawo kwanduna kala biyar irin na Turai. Kashi biyu ya isa a farko: jiƙaƙƙe da busasshe. Jiƙaƙƙe shi ne duk abin da zai ruɓe, a zuba a tsohon bokiti mai murfi. Busasshe shi ne roba, leda, kwali, gwangwani, kwalba, a zuba a buhu a rataye. Ƙunzugu da audugar mata a ƙulle su daban a leda. Toka kuma a ajiye ta gefe bayan ta huce, ƙasar tsakar gida a mayar da ita gindin bishiya ko a cike rami da ita.

Wa za a yi wa bayani? Matan gida da yaran da ake aika su zubar da shara. Taron maza a ƙofar masallaci yana da amfani don samun izini, amma ba su ke riƙe da tsintsiya ba. Ku nemi mata biyu ko uku da ake ganin girmansu, irin malamar Islamiyya ko ungozoma ko uwar adashi, su shiga gida-gida da bokiti da buhu a hannu su nuna a aikace. Liman ya taɓo batun a huɗuba, malaman firamare su sa yara su kawo gorar ruwa ranar Juma'a.

Abu biyu ke kashe wannan matakin. Na farko, rashin cika alkawari: in an ce Litinin da Alhamis, to ko ana ruwa a zo. Jiƙaƙƙiyar shara ba ta wuce kwana biyu a zafinmu ba ta yi wari ba. Na biyu ya fi muni, wato uwar gida ta wahala ta ware, sannan ta leƙo ta ga mai kura ya juye duka wuri ɗaya. Daga ranar ba za ta sake ba, kuma tana da gaskiya. A raba kurar gida biyu da katako ko a rataya manyan buhuna a gefenta.

Ɗan abin ƙarfafa gwiwa yana taimakawa. A Curitiba ta Brazil tun 1991 ake musayar kilo huɗu na busasshiyar shara da kilo ɗaya na kayan lambu. A Indonesiya akwai bankunan shara, inda mace ke kai kayanta a auna a rubuta mata kuɗin a ɗan littafi, ta karɓa lokacin da take buƙata. A Legas kamfanin Wecyclers ya fara a 2012 da kekuna, yana ba gidaje maki da suke canzawa da kayan amfani. Mu da muka saba da adashi da musayar tsohon ƙarfe da robar wanki, wannan ba zai yi mana wuyar fahimta ba. A tara wa mace kuɗinta a ba ta ana saura mako guda salla.

Mataki na biyar: rumfar tantancewa

Fili kaɗan ake buƙata, mai rufi, mai daɓen siminti, da teburi daidai ƙugu don kada a yini a sunkuye, da sikeli mai kyau, da ruwan wanke hannu, da yashi ko abin kashe gobara. A nemi filin daga ƙaramar hukuma a rubuce, a kuma yi shawara da maƙwabta tun kafin a kafa ƙusa.

Ribar tana cikin iya warewa. A gindin yawancin kayan roba akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, 2 jarka da robar man shafawa, 4 leda irin ta fiya wata, 5 bokiti, kujera da murafe. Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa, kuma guda ɗaya in ta shiga cikin gorar ruwa tana iya ɓata narki gaba ɗaya. In babu lamba, a yanki guntu a jefa a bokitin ruwa: 2 da 4 da 5 suna tasowa, 1 da 3 suna nutsewa. Gora fara a ware ta daga mai launi, a cire murfi, a taka ta ta lanƙwashe. Mota cike da gorar da ba a matse ba, iska aka yi wa kuɗin mota.

Injin matsewa ko na niƙa yana ƙara daraja sosai, amma kada a saye shi sai littafi ya nuna cewa kayan da ke shigowa kowane mako za su ciyar da shi, kuma an lissafa kuɗin wuta ko na gas da na gyara. Kafin lokacin, unguwanni uku ko huɗu su haɗa kayansu su sayar tare, don su tsallake dila ɗaya su samu farashin babban mai saye.

Mataki na shida: taki, inda mafi yawan nauyin yake

Fiye da rabin sharar ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi abin ruɓewa ne. Wanda ya tattara roba kaɗai ya bar wannan, bai taɓa jujin ba. Ita ce ke wari, ita ke tara ƙuda, ita ke fitar da iskar da ke sa juji ya kama da wuta da kansa.

Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni su zuba a gona, tun zamanin da jakuna ke shigo da itace su koma da taki. Matsalar yau ita ce abin da ke cikinta. Ka je gona a bayan gari cikin bazara ka ga tsibi-tsibin shara, manomi da 'ya'yansa suna tsince leda da hannu suna ƙonawa, gilashi yana ƙyalli a kunya. Kasuwa dai tana nan, kaya mai tsafta ne babu.

Ku fara da kasuwar kayan gwari, irin 'Yankaba ko 'Yan Lemo, ko mahauta da turakun dabbobi, domin shararsu kusan a ware take. A samu wuri mai inuwa wanda ruwa ba ya kwanciya. A shimfiɗa karan dawa ko busassun rassa a ƙasa don iska ta shiga. A kai a zuba ɗanyen kaya, wato ragowar kayan miya da 'ya'yan itace da kashin dabbobi, sannan busasshe, wato ganye, ɓuntun shinkafa, dusar katako ko yagaggen kwali. A riƙa jerawa haka, busasshen ya ɗan fi yawa a ido, har tsibin ya kai faɗin mita biyu da tsayin mita ɗaya da rabi. Toka a barbaɗa kaɗan, in ta yi yawa tana korar sinadarin da shuka ta fi buƙata.

Laima ita ce sirrin. A damƙi taki a matse: in ruwa ya zubo ya yi yawa, a ƙara busasshe, in ya warwatse a hannu ya bushe, a yayyafa ruwa, in ya dunƙule da ɗan danshi a tafin hannu, daidai ke nan. Da hunturu tsibi yana bushewa cikin kwana kaɗan, sai a lulluɓe shi da tsofaffin buhuna. Cikin kwana uku zuwa biyar cikinsa zai ɗau zafi, a so ya kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas, domin wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. In babu ma'auni, a soka sandar ƙarfe a bar ta minti goma. In aka zaro ta da ƙyar ake riƙewa, aiki yana tafiya. A juya tsibin kowane mako a wata na farko, na waje ya koma ciki, daga baya duk mako biyu. Wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta rashin iska, a juya a ƙara kara. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, ya riƙa ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. A tankaɗe da rariyar waya a zuba a buhu.

Ku gaya wa manomi gaskiya. Wannan takin ba ya maye gurbin na zamani buhu da buhu: sinadarin naitirojin da ke cikinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, na yuriya kuwa 46. Aikinsa shi ne ya gyara jikin ƙasa, ya sa jigawa ta riƙe ruwa, ya sa ɗan takin zamanin da aka saya da tsada ya zauna. Ku ba masu lambu biyu ko uku kyauta su gwada a kunya ɗaya kusa da wadda ba a sa ba, idon maƙwabta zai yi sauran tallan. Ku tuna kuma yana da nauyi, ba ya jure doguwar tafiya, kuma manoman damina lokaci ɗaya suke saye, don haka ana buƙatar wurin ajiya da masu noman rani da masu sayar da furanni. Ƙungiyar Waste Concern ta Dhaka, wadda ta fara a 1995 da ƙaramin wuri a unguwa ɗaya, ba ta bunƙasa ba sai da ta samu kamfanin taki da ke saye yana rarrabawa.

Mataki na bakwai: kuɗi

Kada kowa ya yaudare ku cewa shara za ta ɗauki nauyin kanta. Cinikin roba da taki yana rage kashewa, amma kwashewa gida-gida hidima ce, sai an biya. A sa kuɗin wata kaɗan, shaguna da gidajen abinci su fi gidaje biya, gidan da ke warewa a rage masa, gidan marayu da gajiyayyu a yafe. A ba da rasit, a liƙa lissafin wata a ƙofar mai unguwa. Ragowar da ba ta da amfani kuma dole a yi yarjejeniya da hukumar kwashe shara, a Kano REMASAB ke nan, a san ranar da mota ke zuwa.

Abin da ba a taɓawa, da abin da ya fi ƙarfin unguwa

Batirin mota da na sola ba a fasa shi a unguwa. Dalmar da ke ciki tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinariya ta fito. Ba a ƙona waya don a ciro tagulla, a fere ta da wuƙa. Sharar asibiti da ta kemis ba ta shiga kura. Jarkar maganin ƙwari ba ta komawa ɗaukar ruwa ko mai.

Baƙar leda ita ce ta fi wuya. Ba ta da nauyi, ba ta da daraja, ita ke toshe kwata, ita mahauta ke cirowa a dunƙule daga tumbin shanu. Ledar fiya wata tana da masu saye in ta bushe kuma ta taru da yawa, amma baƙar sai an rage ta daga tushe. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma sun bi dokar da gaske. Nijar ma ta yi doka a 2014, amma wanda ya shiga kasuwa ya san leda ba ta ɓace ba, domin ba a tanadi abin da mai tumatir zai ƙulla kaya da shi ba. Abin da ya kamata ƙungiyoyi su matsa wa gwamnati a kai shi ne kamfanin da ya zuba kaya a roba ya biya kuɗin tattaro ta, kamar yadda Afirka ta Kudu ta wajabta daga 2021, har da ladan masu tsinta.

Idan kuma wani ya zo da zancen injin ƙona shara ya ba da lantarki, ku nuna masa sakamakon awonku. Sharar da rabinta danshi ne da turɓaya ba ta ci da kanta. A 1987 an gina irin wannan injin a Timarpur ta birnin Delhi, bai yi wata guda yana aiki ba aka rufe shi, saboda sharar ba ta kamawa.

Ku fara da layuka kaɗan, gidaje 200 zuwa 300. Kowane mako a rubuta abu huɗu: gidaje nawa suka ware, kilo nawa aka sayar, kilo nawa ya shiga taki, kilo nawa mota ta kwashe. In aka yi wata shida ana zuwa a kan lokaci, gidaje bakwai cikin goma suna warewa, masu kura kuma suna samun abin da ya fi na da, sai a ƙara layuka na gaba, a sa waɗanda suka ƙware su koya wa sababbi. In lissafin ya tsaya wuri ɗaya, a koma wurin matan gidajen da suka daina a tambaye su dalili kafin a ƙara ko gida ɗaya.